Kamun Gosse

Terwier, Afrilu 1974

Zuwa ga 'yata Hiske,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mijinki Jelle da jirginku, duk inda ruwa ya kai ku. Na aika wannan ta ƙofar ruwan nan da ake buɗe wa jirage su wuce, inda kika ce za ku tsaya da lodin kwal. In ta same ku, to. In ba ta same ku ba, mai gadin ƙofar ya karanta ya rage zaman kaɗaici. Ni lafiya lau nake, ban da gwiwar hagu, wadda ta rantse sai ta riga ni shiga kabari.

Minke tana nan ƙalau. Ta ƙara tsawo, cin dankalinta kuwa ya kai na ma'aikacin gona. Ran da kika kawo min ita kika ce, "Kawu, kai kaɗai ka rage a dangin uwata da ke kwana a kan ƙasa, ka riƙe min ita ta yi makaranta," na ɗauka 'yar shiru-shiru aka ba ni. Ashe tanadin maganar take yi. Yanzu da ta cika sha biyu ta buɗe rumbun.

Bayan haka, ga labari. Ta shiga 'yan sikawut na ruwa, waɗanda Sipke ɗan maƙeri yake shugabanta. Kin san su, masu ƙananan jiragen ƙarfen nan da iska ke turawa. Ran farko da ta je, Sipke yana koya wa yara ƙullin igiya, sai ta ce masa, "Shugaba, wannan ƙullin in babana ya gani zai yi kuka." Ta karɓa ta ƙulla da hannu ɗaya. Tun daga ranar yaran suke binta kamar 'yan agwagi.

In an yi hutun makaranta za su tafi sansani a tsibirin tafki, kowane rukuni da jirginsa, kuma Sipke yana so ya ba ta akalar jirgi guda. Sai dai doka tana nan yadda kika bar ta: ba wanda zai taka jirgi zuwa sansani sai ya ci jarrabawar iyo. A mashigin ruwan garin nan ake yi, gaban rumfar jirage, da riga da wando da takalmi, don wanda ya faɗa ruwa ba ya samun lokacin tuɓewa. Yaro zai yi iyo daga gada zuwa rumfa, ya tsaya cak a ruwa har Sipke ya gaji da kallonsa, sannan ya nutse ta ƙarƙashin jirgin ƙarfe ya ɓullo ta ɗaya gefen. Sai a busa usur.

A bakin gaɓa kuwa akwai dattijo mai doguwar sanda da ƙugiya a bakinta, saboda ko-ta-kwana. Duk yaron da ƙugiya ta taɓa kafin usur, ya faɗi. Dattijon nan ni ne. Tun Sipke yana tsotsar yatsa nake riƙe da ita, kuma ban taɓa jiƙa ta ba, don na san bambancin yaron da ke shan ruwa da yaron da ruwa ke sha. A garin nan ba a yabona da kyau ko da murya, amma ana cewa Gosse ba ya firgita.

Kada ki damu. Makaranta tana kai su wurin iyo na birni kowane mako, malaminsu ya ce Minke ta fi rabin ajin. Ƙarshen Mayu za a yi.

Ki gaida Jelle, ki ce masa ya rage gishiri.

Kawunki,
Gosse


Duisburg, Mayu 1974

Kawu Gosse,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya gwiwa? Ka riƙa shafa man nan da na bar maka, ba ajiya na ba ka ba. Mu muna lafiya, sai baƙin kwal da ya shige mana har cikin burodi. Takardarka ta jira mu fiye da mako, ta sha yatsun mutane.

Kawu, na karanta maganar jarrabawar nan ban iya cin abinci ba. Jelle ya ce ina da neman damuwa, amma shi namiji ne, in an ce masa yarinya ta ƙulla igiya da hannu ɗaya shi ke nan ya ƙoshi.

Wurin iyo na birni ruwa ne mai haske, ana ganin ƙasansa, akwai bango ta ko'ina. Mashigin Terwier kuwa in ka sa hannu ba ka ganin yatsunka. Ka san yadda muke renon yara a jirgi. Ɗamarar fata a ƙirji, igiya a baya, a ɗaure a jikin ƙarfe, tun daga rarrafe har su tafi makaranta. Haka aka yi min, haka na yi mata. Mutanen tudu suna zaton ɗan jirgi kifi ne. Mu ba ma koya musu ruwa, tsoronsa muke koya musu.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Tana shekara huɗu, muna sauke alkama a Rotterdam, ta zame ta faɗa tsakanin jirgi da bangon tasha. Ina tsaye da kwandon wanki, ina kallo. Kawu, ba ta yi ihu ba. Ba ta buga ruwa ba. Ta tafi ƙasa a tsaye, idonta a buɗe tana kallona, kamar wadda aka kira. Igiyar ce ta tsayar da ita, Jelle ya jawo ta. Da ta fito ma ba ta yi kuka ba, cewa ta yi takalminta ɗaya ya tafi.

Abin da nake so ka sani ke nan. Sauran yara in suna cikin wahala za ka ji su. Ita ba za ka ji ba. In kanta ya shige ka ga ruwa ya kwanta shiru, to haka nata yake. Ban ce ka hana ta ba, na san halinta. Amma don Allah kada ka ɗauke idonka daga kanta.

Daga nan Basel za mu, da tsakuwa. Ka aika ta wurin dillalinmu na can.

Ka rungume min ita, ko da za ta ture ka.

'Yarka,
Hiske


Terwier, Yuni 1974

Hiske,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso ana gobe jarrabawa. Na karanta.

Muna lafiya. An sha ruwan sama, dankali ya yi kyau, sai dai ƙwari sun taɓa kabeji. Saniyar maƙwabcina ta haihu. Rufin coci yana yoyo daidai kan kujerar matar mai unguwa, kuma har yanzu ba a sami wanda ya ga laifin hakan ba.

An yi jarrabawar. Minke ba ta ci ba. Lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi, sai ɗan ƙulu a goshi wanda ya riga ya sace. Tana zuwa makaranta, tana cin abinci.

Ba ni da doguwar magana yau, hannuna ba ya son alƙalami. Gwiwa da sauƙi.

Gosse


Basel, Yuni 1974

Kawuna, ubana,

Ina gaishe ka, ina ƙara gaishe ka. Ban san da wane baki zan fara ba.

Mun ɗaure jirgi kusa da na su Aukje, wadda ƙanwarta ke aure a Terwier. Ko igiya ba mu gama ja ba ta leƙo ta taga ta ce, "Hiske, kin ji kuwa? Tsoho Gosse ya tsamo 'yarki daga ƙarƙashin jirgi da ƙugiya, gaban duk gari!" Na zauna a kan murfin kaya. Sai ga yaron dillali da takardarka. Na buɗe, na tarar da kabeji da saniya.

Haba Kawu! Ka ceci ran yarinya, sannan ka sa shi a layi biyu tsakanin rufin coci da gwiwa? Na san ka da ƙin yabo, amma wannan ya yi yawa. "Hannuna ba ya son alƙalami." Ai dole, hannun da ya ɗago mutum daga bakin mutuwa. Na karanta wa Jelle wurin nan, ya fita waje ya daɗe yana goge ƙarfen da ba shi da datti.

Na gaya wa kowa. Duk jirgin da muka gifta na ɗaga murya na faɗa musu. Ran Lahadi na je cocin matuƙa na roƙi fasto ya ambaci sunanka a addu'ar godiya, ya kuwa ambata har sau biyu. Ga taba nan na aiko maka, irin mai tsadar da kake tsayawa kana shinshinawa a kanti ba ka saye.

Maganar sikawut kuwa ta ƙare. Na rubuta wa Sipke yau ɗin nan cewa na cire ta, ba sansani, ba jirgi, ba sake jarrabawa. Ruwa ya nemi yarinyar nan sau biyu, ba zan miƙa masa ita na uku ba. Za ta yi fushi. Ta yi, mai rai ne ke fushi.

Allah ya saka maka, Kawu.

Hiske


Mannheim, Yuni 1974

Kawu,

Gaisuwa. Lafiya kuwa? Mun tsaya wuri uku ina tambayar takarda, babu. Tabar ta iso? Ko wani abu ya sami Minke daga baya kuke ɓoye min? An ce ruwa yana iya zama a huhun yaro. In ban ji daga gare ka a Duisburg ba, zan bar Jelle da jirgin in hau jirgin ƙasa.

Hiske


Terwier, ƙarshen Yuni 1974

Zuwa ga Hiske,

Ina gaishe ki. Kada ki hau jirgin ƙasa. Huhun Minke lafiya lau, na ji ƙarfinsa da kunnena. Ki nemi wuri ki zauna, ki ba Jelle wani aiki a waje, don abin da zan faɗa ba na son a karanta shi da ƙarfi.

Tabar ta iso. Tana kan kanta ban buɗe ba. Duk inda na juya a ɗakin sai in ga tana kallona.

Ban ceci kowa ba, Hiske. Bari in ba ki shi daga farko.

Ran jarrabawa gari ya fito kamar kullum, iyaye a kan gada, tsofaffi a kan benci, Rienk mai burodi yana sayar da waina. Ni kuwa takardarki tana aljihun ƙirjina, kuma tun da na karanta ta nake ganin yarinya tana tafiya ƙasa a tsaye. Yara shida suka wuce, ban ma san sun wuce ba. Aka kira Minke. Ta yi tsalle da wandonta da takalminta, ta taho daga gada kamar an ja ta da zare. Ta tsaya a ruwa tana yi wa ƙawayenta gwalo. Sipke ya nuna jirgi. Ta ja numfashi, ta shige.

Ruwan ya rufe. Ya kwanta shiru.

To ai dole ya yi shiru, mutum yana ƙarƙashin jirgi! Na ga wannan shirun sau ɗari, ina hamma nake kallonsa. Amma ran nan ban san lokacin da na durƙusa ba, da gwiwar da nake ce miki ba ta lanƙwasuwa. Na zura sandar ƙarƙashin jirgi na laluba, na ji ta kama wani abu, na ja da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Waɗanda ke kan gada sun fi ni ganin abin. Sun ce hannunta ya riga ya fito ta ɗaya gefen, ya kama bakin jirgi. Yara sun fara tafi. Sipke ya kai usur baki. Sai suka ga hannun ya saki, ya koma ruwa da baya. Ni ne. Na kamo ta ta bel ɗin wando, na jawo ta ta ƙarƙashin jirgin zuwa inda ta fito, goshinta ya bugi ƙarfe a hanya. Na ɗago ta sama, ƙugu a gaba, kai a ƙasa, ruwa yana zuba daga takalma.

Ta tofar da ruwa ta ce, "Kaka! Sake ni! Me na yi maka?"

Sai Rienk ya ce daga bayana, "Gosse, mayar da kifin nan ruwa, bai kai girman kamu ba." Gada ta ɗauka da dariya. Na ji dariya iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa jin wadda ta girgiza katako ba sai ranar.

Sipke ya zo kusa da ni, fuskarsa ja wur. Ya ce, "Baba Gosse, ƙugiya ta taɓa ta." Na ce, "Ai ka ga ta riga ta fito." Ya ce, "Na gani. Wa ya koya min cewa doka ba ta da jika?" Ni na koya masa.

Yanzu a makaranta sunanta Kamun Gosse. Yara suna lanƙwasa yatsa su kama wandon juna in ta wuce. Ni kuma na daina zuwa shan kofi wurin tsofaffi, tun ran da na shiga aka tambaye ni ko da tsutsa na kama ko da burodi. A gida ba ta yi min magana. Kyanwa take aikowa. "Kyanwa, ki gaya wa mai gidan nan abinci ya sauka." "Kyanwa, ki ce masa ya matsar da ƙafarsa." Kyanwar har ta fara rama don yawan aiki.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ran da takardarki ta isa wurin Sipke, ya kawo ta da kansa, ya tsaya a ƙofa yana murza hula. Minke ta karanta a tsaye. Ta juyo, karo na farko ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Har Mama ka gaya wa na nutse?"

Na ce, "Ban ce kin nutse ba."

Ta ce, "Ka ce ban nutse ba?"

Na dubi kyanwa. Kyanwa ta fita.

Na ɗauki alƙalami tun ranar, na ajiye. Kullum sai in ce gobe. Ba wuya ba ne mutum ya ce ya yi kuskure, abin da ya ɗaure min hannu shi ne fasto ya riga ya ambaci sunana sau biyu.

Ga abin da nake roƙo. Sipke zai sake jarrabawa ran Asabar ɗin da ke gaban tafiya sansani, saboda yara biyu da suka yi ƙyanda. Ya ce zai sa Minke in kin janye maganarki da hannunki. In ba haka ba, jirage za su tashi tana tsaye a kan gada, saboda laifin da ba nata ba. Yarinyar nan ta iya ruwa, Hiske. Ni da na ja ta na sani, don da ƙyar na rinjaye ta.

Ƙugiyar kuwa na mayar rumfa, na ce wa Sipke ya nemi wani. Ran Asabar ɗin zan zauna a gida in rufe labule.

Kawunki, in har yanzu kina so,
Gosse


Duisburg, Yuli 1974

Kawu,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Ban fitar da Jelle ba, ya karanta ta bayan kafaɗata. Da ya kai wurin Rienk ya yi dariya har ya ƙware, na buga masa baya fiye da yadda ƙwarewar take bukata. Ni ban yi dariya ba. Na yi kwana biyu ina rubuta maka takardu masu zafi a cikin kaina. Ka bar ni na bi kogi ina shelar 'yata ta nutse! Jiya wata mata ta ƙetaro jirage uku ta kawo min kek na jaje. Na karɓa, Kawu. Me zan ce mata?

Amma da na huce na tuna abin da na rubuta maka. Shekara da shekaru kana tsaye a gaɓar nan lafiya, sai da na aiko maka da abin da ke hana ni barci na sa maka a aljihu. Kai ka ja sandar, amma ni na miƙa maka. Ni da ruwa bai taɓa wuce min gwiwa ba, ina zaune a kan kwal ina yanke wa mai iyo hukunci.

Na rubuta wa Sipke. Ta yi jarrabawar, in ta ci ta tafi. Na sa wata 'yar takarda a cikin wannan taka don Minke, tata ce, kada ka buɗe.

Sai dai da sharaɗi, kuma na gaya wa Sipke. Kai za ka riƙe ƙugiyar. Kada ka ce min komai. Na san duk wanda za a ba yanzu, labarinka yana kansa, zai tsaya yana lissafin kada a yi masa dariya. Ni ina son mutumin da na tabbata zai zaɓi a yi masa dariyar. In ba kai ba ne a gaɓar, ba ta shiga.

Ka buɗe labulenka. Ka kuma sha tabar nan kafin ta bushe, ba a mayar wa kanti.

Hiske


Terwier, Yuli 1974

Zuwa ga 'yata Hiske,

Gaisuwa mai yawa, ke da Jelle mai dariya. Muna lafiya. Gwiwa ta kumbura, za ki ji dalili.

Kin iya hukunci, 'yar nan. Da kin ce a ɗaure ni a dandalin kasuwa da ya fi min sauƙi. Da Sipke ya faɗi sharaɗinki, Minke ta ajiye cokali, ta ce, ba ta bakin kyanwa ba, "To. Amma in ka taɓa ni, zan koma jirgi wurin Mama, ba ni ba garin nan har abada." Na ce na ji. Ta ce, "Ko inuwar sandar kada ta faɗo kaina." Na ce wannan sai ta yi magana da rana.

Jarrabawar yara uku ce, wadda a da ko iyayensu ba sa zuwa duka. Ran Asabar gada ta cika har ana tura juna. Mutane sun zo daga ƙauyuka biyu a kan keke. Rienk ya ƙara waina. Da na fito daga rumfa da sandar a kafaɗa, wani ya yi kira, "Baba Gosse, yau me ake sa ran kamawa?" Wani ya ce, "A ɗaure wanduna, jama'a!" Na bi ta tsakiyarsu ina kallon takalmana, ban taɓa sanin rumfa da gaɓa suna da nisa haka ba.

Masu ƙyanda suka yi suka gama. Aka kira ta. Daga gada zuwa rumfa, lafiya. Tsayuwa a ruwa, lafiya, sai dai wannan karon ba gwalo, ni take kallo. Sipke ya nuna jirgi.

Maimakon ta nufi gefensa kamar kowa, sai ta zagaya ta bayansa. Kafin Sipke ya buɗe baki ta shige.

Kin san jirgin nan. Faɗinsa numfashi ɗaya ne. Tsawonsa kuwa mutum uku ne a kwance. Duk gada suna kallon gefe, inda aka saba ganin kai ya ɓullo, babu kai. Ruwan ya kwanta. Dariyar ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Na ji wata mata ta ce, "Wayyo." Hannuwana suka fara tafiya da kansu, wallahi ba da izinina ba. Sai na juya sandar na kafa ƙugiyar a ciyawa, na ɗora gwiwar hagu a kanta, na danne da duk nauyina. Rienk ɗin nan da ya fi kowa baki, shi ne ya matso yana cewa, "Gosse, ta daɗe fa. Gosse, sa ƙugiyar mana!" Ban amsa ba. Ina kallon wasu 'yan kumfa suna bin jikin jirgin, suna gaba, suna gaba. Wanda ruwa ke sha, kumfarsa wuri ɗaya take tsayawa. Na san wannan tun da daɗewa, ran jarrabawar farko ne kawai ban duba ba.

Ta ɓullo a hancin jirgi.

Usur ɗin Sipke ya fita da wata irin ƙara kamar an taka agwagwa. Ya ce, "Ke! Wa ya ce ki bi ta tsawo?" Ta ce, "Wa ya ce kada in bi?" Ya ce ta ci, kuma in ta sake yi masa haka a sansani za ta wanke tukwane har ta yi aure.

Gada tana ta ihu, ni ina durƙushe na kasa tashi. Ta iyo har gabana, ta tsaya a ruwa, gashi ya manne mata a fuska. Ta ce, "Kaka, yi numfashi mana. Ka zama shuɗi."

Na yi.

Gaɓar wurin tana da santsi, ta gwada hawa ta zame, ta sake gwadawa ta zame. Sai ta ɗago hannu ta ce, "To miƙo min abin, tsayawa za ka yi kana kallona?"

Ban motsa ba. Na juya na ce, "Sipke, an busa?"

Ya ce, "An busa, Baba. Duk lardin nan ya ji."

Na ce, "Ka tabbata?"

Minke ta ce, "Kaka, sanyi nake ji!"

Na miƙa. Ita ta kama da hannunta, ta hau.

Jibi za su tashi, an ba ta jirgi na biyu. Tana ɗaki yanzu tana haɗa kaya, tana ta ƙwala min kira in nemo mata safa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun bai gama dawowa ba.

Kawunki,
Gosse